Waiwaye: Yadda Kwamitin Gudanarwa Ya Samu Iko a Makarantun Firamare na Coci a Ingila

Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na makarantun firamare da gwamnati ke ɗaukar nauyinsu a Ingila na Cocin Ingila ne, kuma kowacce tana da kwamitin gudanarwa wanda mambobinsa ba sa karɓar albashi. A makarantu da yawa su ne ke zaɓen shugaban makaranta, su amince da kasafin kuɗi, su kuma tabbatar makarantar ba ta kauce wa manufar addinin da aka kafa ta a kai ba. Wannan iko ya taru ne sannu a hankali, ta hanyar ciniki tsakanin coci da gwamnati na fiye da shekara 150, kuma sau da yawa idan gwamnati ta ƙara kuɗi, sai ta nemi ƙarin kujeru ko ƙarin ta cewa a kwamitin.

A shekarar 1811 aka kafa ƙungiyar National Society, wadda Joshua Watson ke cikin jagororinta, da burin a samu makarantar coci a kowace gunduma domin 'ya'yan talakawa. Yawanci mai gona ne ke ba da fili, musamman bayan dokar 1841 da ta sauƙaƙa kyautar filin da bai wuce eka ɗaya ba, a rubuta takardar amana mai kama da ta waƙafi, wadda ke fayyace cewa za a koyar da yara bisa aƙidar Cocin Ingila. A wancan zamani limamin cocin gunduma shi ne wuƙa shi ne nama: shi ke ɗaukar malami, shi ke neman gudummawa, shi ke shiga aji ya ji haddar yara. Tallafin gwamnati na farko, fam 20,000 a 1833, na gine-gine ne kawai, kuma bai taɓa wannan iko ba.

Dokar ilimi ta 1870 ta kafa zaɓaɓɓun hukumomi su gina makarantu a inda na coci ba su wadatar ba. Daga nan aka samu tsari biyu a ƙasa ɗaya, ɗaya yana cin harajin gari, ɗaya yana dogara da karo-karo da ɗan tallafi, kuma kafin ƙarshen ƙarnin makarantun coci da yawa sun kasa biyan malamai yadda ya kamata.

A nan ne dokar 1902 ta Firayim Minista Arthur Balfour ta shigo, kuma a ganina ita ce ainihin tushen kwamitin da ake gani yau. Ƙananan hukumomi suka ɗauki nauyin albashi da kuɗin gudanarwa, coci ya ci gaba da riƙe gini, amma aka shar'anta cewa makaranta ta samu masu gudanarwa shida, huɗu daga ɓangaren waɗanda suka kafa ta, biyu daga hukuma. An kuma shigar da wata gyara, wadda ake kira da sunan ɗan majalisa Kenyon-Slaney, da ta sanya koyar da addini ƙarƙashin kwamitin gaba ɗaya, ta yadda limami shi kaɗai ba zai iya yanke hukunci ba. Limamai da dama sun ji zafin wannan, su kuma mabiya sauran ɗarikun Furotesta, ƙarƙashin jagorancin John Clifford, suka ƙi biyan haraji domin a cewarsu ana tilasta musu ɗaukar nauyin aƙidar da ba tasu ba, har aka kwashe kayan wasu aka yi gwanjonsu, aka ɗaure wasu. Kujerun nan biyu na hukuma, duk da ƙarancinsu, sun kafa ƙa'idar cewa inda kuɗin jama'a ya shiga, idon jama'a ma zai shiga.

Dokar 1944, wadda ministan ilimi R. A. Butler ya tsara bayan tattaunawa da shugabannin coci irin su Akbishop William Temple, ta ba kowace makaranta zaɓi. Wadda za ta iya biyan rabin kuɗin gyara da faɗaɗa gini ta zama mai cin tallafi, wakilan coci su riƙe kashi biyu cikin uku na kujeru, kwamiti ya ɗauki malamai, ya tsara karɓar ɗalibai, ya koyar da addini bisa takardar amana. Wadda ba za ta iya ba ta koma ƙarƙashin kulawar ƙaramar hukuma, wakilan coci su tsira da kashi ɗaya cikin uku. Makarantun Cocin Ingila masu yawa sun bi hanya ta biyu saboda rashin kuɗi, su kuwa 'yan Katolika suka gwammace su ci bashi su riƙe ragamar makarantunsu. Daga baya an yi ta rage kason da kwamiti ke biya, zuwa kashi 25 cikin 100 a 1959, har ya sauko kashi 10 a farkon shekarun 2000.

Iyaye sun daɗe ba su da tabbatacciyar kujera. Rahoton 1977 na kwamitin bincike na Taylor, wanda gwamnati ta kafa, ne ya nemi a raba wakilci tsakanin hukuma da malamai da iyaye da jama'ar gari, dokokin 1980 da 1986 suka tabbatar da zaɓaɓɓun wakilan iyaye da na malamai, sannan dokar 1988 ta miƙa mafi yawan kasafin kuɗin makaranta ga kwamiti. Tun daga lokacin aikin ya yi nauyi ƙwarai. Ma'aikaciyar jinya ko dattijon da ya yi ritaya, wanda dayosis, wato hukumar cocin yankin da bishop ke jagoranta, ko majalisar cocin gunduma ta naɗa, zai zo da yamma bayan an tashi, ya zauna a ƙaramar kujerar yara a ɗakin aji, a gabansa ga takardun sakamakon jarrabawa, ga ƙiyasin gyaran rufin da ke yoyo, ga ƙorafin uwar da aka hana ɗanta gurbi. Shi da abokan zamansa ne za su amsa tambayoyin masu binciken Ofsted, hukumar gwamnati mai duba makarantu da aka kafa a 1992, su kuma amsa na masu binciken coci, waɗanda ke duba ibadar yau da kullum da tarbiyyar addini.

Mafi wuyar hukunci a makarantar da coci ke riƙe da ragamarta shi ne na karɓar ɗalibai idan masu nema sun fi gurabe yawa. Kwamiti na iya fifita 'ya'yan masu zuwa coci, yana kuma iya fifita yaran unguwa ko da Musulmi ne ko Hindu, kamar yadda ake gani a Bradford da Birmingham, inda wasu makarantun coci mafi yawan ɗalibansu Musulmi ne. Ni dai ina ganin kwamitin da ya buɗe ƙofa ga yaran unguwa ya fi kusa da niyyar waɗanda suka ba da fili tun farko domin 'ya'yan talakawan gunduma. Makarantun Musulmi ma sun shiga sahun makarantun addini da gwamnati ke ɗaukar nauyinsu a 1998, lokacin da Islamia a Landan da Al-Furqan a Birmingham suka fara samun kuɗin gwamnati.

Sauyi na baya-bayan nan ya zo da dokar 2010, wadda ta ba makarantun firamare damar fita daga hannun ƙaramar hukuma su zama akadami. Da yawa cikin na coci sun shiga rukunoni masu haɗa makarantu da dama ƙarƙashin hukumar amintattu ɗaya, wasu ma dayosis ce ta kafa su. A irin wannan tsari alhakin shari'a yana kan amintattun rukuni, kwamitin da ke makaranta kuwa ba shi da iko sai wanda aka sakar masa a rubuce, kuma ana iya janyewa. Ƙananan makarantun ƙauye sun samu sauƙi wajen lissafin kuɗi da ɗaukar ma'aikata, amma zaɓen shugaban makaranta da kasafin kuɗi, waɗanda dokar 1988 ta kawo kusa da iyaye da mutanen gunduma, a wurare da yawa yanzu ana yanke su ne a ofishin rukuni, wanda zai iya kasancewa a wani gari dabam.