Kayan da ke kan hanya: yaya manhajar lissafin mangaza ke ƙirga su?

Ƴan kasuwa da dama a Maraɗi sun koma riƙe lissafin mangaza a kwamfuta, kuma wurin da aka fi samun ruɗani shi ne odar da aka riga aka bayar amma kayan ba su iso ba.

Mangaza ta kusa zama fayau, me ya sa manhaja ta ce kada in sayo?

Domin ba abin da ke jibge a ƙasa kaɗai take dubawa ba. Tana haɗa kayan mangaza da waɗanda ka yi oda ba su iso ba, sannan ta cire waɗanda ka riga ka yi wa mutane alkawari. A ce shinkafa kake sayarwa, buhu 20 a rana, kaya kuma sai sun yi kwana 15 kafin su iso. Kana bukatar buhu 300 na waɗannan kwanaki, ka ƙara 100 na ko-ta-kwana, 400 ke nan. Sai lissafi ya sauko nan za a sake oda. Yau kana da 250, akwai 200 a hanya, wani ɗan Tasawa ya biya 30 bai ɗauka ba. Lissafi ya ba da 420, saboda haka a dakata. Manhajoji irin su Odoo da ERPNext haka suke aiki.

Idan ba a shigar da odar ba fa?

Kullum manhaja za ta ga 250 ta ce a sayo. Ka yi oda Litinin, yaron shago ya ga gargaɗin ranar Laraba ya sake yi. Bayan mako biyu motoci biyu su tsaya a ƙofa, kuɗin da za a juya sun kwanta a buhuna. Shinkafa tana jira, amma madara da magani kwanansu ƙarewa yake. Shi ya sa ko ta WhatsApp aka yi cinikin, a shigar da shi ranar.

To duk odar da ke cikin kwamfuta sai a yarda da ita?

A'a, kuma nan ne na fi jin tsoro. Oda ninki biyu ido na ganinta, amma odar da ta mutu ba a goge ba shiru take cutarwa. Ka nemi 200, dila ya kawo 150 ya ce sauran babu. In ba a rufe odar ba, manhaja za ta ci gaba da ƙirga buhu 50 da ba za su taɓa zuwa ba, ta hana ka sayowa har masu saye su koma maƙwabci. Duk mako a zauna a bi ododin da ke buɗe ɗaya bayan ɗaya: wannan ta taso? Wannan an soke?

Ranar isowa tana da muhimmanci?

Ƙwarai. In an cire 30 na ɗan Tasawa, buhu 220 da suka rage kwana 11 za su kai ka. In buhu 200 ɗin sai nan da kwana 30, za ka yi fiye da mako biyu hannu rabbana alhali lissafi na nuna 420. Manhaja mai kyau tana jera kowace oda a kan ranarta, ta nuna maka inda giɓi zai faɗo. Mu nan mun ga haka da idonmu: da aka rufe iyakoki bayan juyin mulkin Yulin 2023, kayan da ke biyowa ta Kwatano da Gaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, hanyar Jibiya da Ɗan Isa ma ba ta buɗe ba sai Maris 2024. Wanda ya bar tsofaffin kwanaki a manhajarsa, ƙarya ta riƙa faɗa masa. Da direba ya kira ya ce an tsaya a duwan, wato wajen ƴan kwastan, a gyara ranar nan take.

Ni da Excel nake aiki, ya zan yi?

Ya isa. Ka buɗe layi huɗu ga kowane kaya: na mangaza, na hanya, ranar isowarsa, da wanda aka sayar ba a ɗauka ba. Mutum ɗaya kawai za a ba ikon rufe oda, kuma sai bayan an ƙirga buhunan da aka sauke.