Yaushe gyaran aikin asibiti ke zama bincike a idon doka?

A shekarar 2007 ofishin gwamnatin Amurka mai kare mutanen da ake bincike a kansu, OHRP, ya sa aka dakatar da tattara bayanan wani aiki da ke ceton rayuka a jihar Mishigan. Aikin kuwa ba sabon magani ba ne. Takarda ce mai matakai 5 da Dakta Peter Pronovost na Jami'ar Johns Hopkins ya tsara wa masu sa bututun roba a babbar jijiyar majiyyaci: a wanke hannu, a sa safar hannu da takunkumi da riga a kuma lulluɓe majiyyacin da zane mai tsabta, a goge fata da kilohezidin, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta, a kauce wa jijiyar cinya, a cire bututun da zarar buƙatarsa ta ƙare. An ba ma'aikaciyar jinya ikon tsayar da likita idan ya tsallake mataki. A sassan kulawa ta musamman 103, cutar da ke shiga jini ta wannan bututu ta ragu ƙwarai cikin wata 3, kamar yadda sakamakon da aka buga a 2006 ya nuna.

To me ya kawo dakatarwa? Dokar da ake kira Common Rule, wadda hukumomin tarayya suka ɗauka a 1991 aka kuma sabunta ta a 2018. Ta ce bincike shi ne nazari mai tsari da aka shirya domin samar da ilimin da zai yi aiki a wasu wurare, ba a inda aka yi shi kaɗai ba. Duk aikin da ya shiga wannan ma'ana, ya shafi mutane, kuma da kuɗin gwamnatin tarayya a ciki, sai kwamitin ɗa'ar bincike ya duba shi, sannan a nemi yardar kowane mutum. Ofishin ya ɗauki aikin Mishigan a matsayin irin wannan bincike, ga shi kuma ba a nemi yardar majiyyatan ba. Dokar ba banza ta zo ba. Abin da aka yi wa baƙaƙen fata a garin Tuskegee na Amurka daga 1932 zuwa 1972, inda aka bar su da ciwon tunjere ba magani don a ga yadda zai ci jikinsu, shi ne tabon da ke bayanta.

Gyaran aiki daban yake. Asibiti ya ɗauki abin da aka riga aka tabbatar yana da amfani, ya aiwatar, ya ƙirga masu kamuwa da cuta a watan jiya da wannan wata, ya gyara inda aka samu saɓani. Wannan kula da marasa lafiya ne, babu buƙatar sa hannun kowa kafin a wanke hannu a taɓa shi. Ofishin OHRP da kansa ya bayyana cewa niyyar buga sakamako a mujalla kaɗai ba ta mai da aiki bincike.

Inda gizo ke saƙa shi ne tsakiya. Idan aka raba ɗakunan jinya ta hanyar ƙuri'a, wasu a yi wa majiyyatansu wanka da kilohezidin, wasu da sabulu, don a gano wanne ya fi, to an shiga bincike ko da me aka kira shi. Duk da haka doka ta bar ƙofa: kwamiti na iya yafe neman yarda idan haɗarin bai wuce na yau da kullum ba, idan aikin ba zai yiwu ba sai da yafewar, idan kuma ba za a tauye wa kowa hakki ba. Ina za ka samu sa hannun mutumin da ke kwance a sume, na'ura na yi masa numfashi?

A Fabrairun 2008 ofishin ya sassauta. Ya ce asibitocin Mishigan su ci gaba, domin yanzu aikin jinya suke yi, ya kuma nuna cewa da tun farko an bi ta wannan ƙofa, da wuya a hana yafewar. Ni a ganina kuskure ne babba mai aikin ya yanke wa kansa hukunci cewa nasa gyara ne kawai. Ya rubuta manufarsa a takarda, ya kai wa kwamiti tun kafin ya ƙirga majiyyaci na farko, ya karɓi amsa a rubuce ya ajiye.