Addinin Buddha da Adabin Sin

Addinin Buddha ya shiga ƙasar Sin daga Indiya ta hanyar fataken tsakiyar Asiya, a wajajen ƙarni na 1 miladiyya, zamanin daular Han. Ta ƙofar fassara ya fara taɓa adabin Sinawa.

Fassara

An Shigao, wanda ya iso birnin Luoyang wajen shekarar 148, yana cikin mafassaran farko da aka san sunansu. Wanda ya fi yin tashe shi ne Kumarajiva, mutumin Kucha a tsakiyar Asiya, da ya isa birnin Chang'an a 401. Shi da almajiransa suka mayar da Sutra ta Furen Bado da Sutra ta Lu'ulu'u, wato littattafan koyarwar Buddha, cikin Sinanci mai daɗin ji, kuma har yau fassararsa ake rerawa a wuraren ibada. Xuanzang ya bar Sin a 629, wasu sun ce 627, ya komo daga Indiya a 645 da littattafai 657. Ya fi bin Sanskrit, tsohon harshen Indiya na littattafan, sau da ƙafa, sai dai yawancin fassararsa ba ta samu farin jinin ta Kumarajiva ba.

Labarai

A 1900 aka buɗe wani kogo a Dunhuang, arewa maso yammacin Sin, maƙare da dubban rubuce-rubuce. A ciki aka samu labaran da ake kira bianwen, masu cuɗa zube da waƙa cikin harshen talakawa, waɗanda ake ganin ana karanta wa jama'a su ne ana nuna hotuna. Fitacce a cikinsu shi ne na Mulian, almajirin Buddha da ya shiga wutar lahira don ceto mahaifiyarsa. Labarin ya dace da tarbiyyar Sinawa ta biyayya ga iyaye, shi ya sa ya rayu har a wasan kwaikwayo. Daga wannan kogo aka samu kwafin Sutra ta Lu'ulu'u da aka buga a 868. Tafiyar Xuanzang kuwa ita ce tushen Xiyou Ji, wato Tafiya zuwa Yamma, ƙagaggen labarin ƙarni na 16 da ake jingina wa Wu Cheng'en.

Waƙa

Wang Wei na daular Tang ya shahara da waƙoƙin kaɗaici cikin duwatsu, har ana yi masa laƙabi da Buddhan mawaƙa. Masana sun saɓa kan ko rera littattafan Sanskrit ne ya jawo ƙa'idar karin sauti huɗu da aka shimfiɗa wa waƙar Sinanci a ƙarni na 5.

Adawa

A 819 marubuci Han Yu ya soki girmama ƙashin Buddha a fada, sarki ya kore shi zuwa Chaozhou.