Waiwaye: daga tafkin Azbakiyya zuwa jujin da ya koma lambun Azhar

Mutanenmu da yawa in sun je Alƙahira, ko karatu ya kai su ko asibiti ko sarin kaya, zirga-zirgar ba ta wuce kasuwannin Ataba da Khan Khalili sai in an samu rana guda a leƙa dala a ɗauki hoto a dawo, kuma wallahi abin yana min ciwo don garin nan yana da lambuna da suka cancanci mutum ya ba su yammaci guda cur, ya taka a hankali ba inda yake sauri.

Tsohon cikinsu da aka fi sani shi ne Azbakiyya. Asali tafki ne, sunan ma daga Amir Azbak ya samo, wani kwamandan Mamluk na zamanin Sultan Ƙaitbay a ƙarshen ƙarni na 15, manya suka yi ta gina gidaje a bakin ruwan. Daga baya aka cike tafkin. Sai Khedewi Isma'il, mai mulkin Masar a lokacin, ya je baje kolin Paris a 1867 ya ga yadda aka tsara birnin da tituna masu faɗi da wuraren shan iska, abin ya shiga ransa, ya ɗauko Barillet-Deschamps wanda ya yi aikin lambunan Paris ɗin, aka buɗe lambun Azbakiyya a 1872 da itatuwan da aka kwaso daga ƙasashe daban-daban. Lambun Orman ya biyo baya a 1875 can Giza, gidan zu kuma 1891. Kusa da su ne mai son kallon sassaƙa zai tsaya, gaban Nahdat Misr na Mahmud Mukhtar, dutse ne jaja-jaja aka sassaƙa mace tana yaye mayafi daga fuska hannunta ɗaya a kan Abul Haul, gunkin nan mai jikin zaki da kan mutum, da ke yunƙurin tashi. An ƙaddamar da shi a 1928 a dandalin tashar jirgin ƙasa, a 1955 aka dawo da shi hanyar Jami'ar Alƙahira.

To amma gari ya yi ta cika, titi ya ratsa Azbakiyya ya raba shi, gine-gine suka ci gefe da gefe, har ya zama yau in ka ce Azbakiyya abin da ke faɗo wa ɗalibi a rai shi ne rumfunan tsofaffin littattafai ba inuwar itace ba. Kuma cin bai tsaya ba fa, ko a 2019 zuwa 2020 an sare itatuwa da yawa a unguwar Misrul Jadida don faɗaɗa hanya da gadojin sama, mazauna wurin sun yi ta kuka.

Shi ya sa labarin Hadiƙatul Azhar, wato lambun Azhar, yake taɓa ni. Tudun Darrasa ne, bayan tsohuwar ganuwa, inda mutanen gari suka yi kusan shekara 500 suna zubar da shara da ɓaraguzai har ya zama tsauni. A 1984 Aga Khan na huɗu, shugaban mabiya Isma'iliyya a lokacin, ya zo wani taro kan yadda Alƙahira ke bunƙasa, a nan ya ɗau alkawarin yi wa garin kyautar lambu. Ba a yi da wuri ba, sai da aka jira aka gama dasa wasu manyan tankunan ruwa guda 3 a cikin tudun, sannan aka shiga kwasa, tifa bayan tifa, ita kanta ƙasar gishiri ya mata yawa sai da aka gyara ta aka gwada irin shukar da za ta iya jurewa. Ana cikin haƙa kuma sai ga ganuwar Ayyubawa ta zamanin Salahuddin ta fito, kusan kilomita ɗaya da rabi da hasumiyoyinta, wadda shara ta binne tun kaka da kakanni. An kashe wajen dala miliyan 30, fili hekta 30, aka buɗe a hukumance a 2005.

Abin da ya fi burge ni ma ba furannin ba ne, unguwar Darbul Ahmar da ke jingine da ganuwar ba a bar ta a baya ba, an gyara gidaje, an koya wa matasa aikin dutse da kafinta, an gyara masallacin Ummu Sultan Sha'aban da ginin Khayrbak. Akwai masu ƙorafin kuɗin shiga, cewa talakan da ke maƙwabtaka da wurin ba kullum zai iya kai iyalinsa ba, kuma maganarsu tana kan hanya, duk da dai da kuɗin ne ake kula da wurin.

In ka shiga ta ƙofar titin Salah Salim bayan la'asar, bi doguwar hanyar nan mai jerin dogayen itatuwa kamar dabino, ruwa yana bin wata ƴar siririyar kwata ta dutse a tsakiya yara suna tsoma hannu iyaye na kwaɓarsu, kai tsaye idonka zai sauka kan Ƙal'a, tsohuwar fadar tsaro ta Salahuddin, da ƙubbobin masallacin Muhammad Ali. Iyalai sun baje a ciyawa da fulas ɗin shayi, ga ango da amarya can ana ta gyara musu tsayuwa za a ɗauki hoto. Kar ka yi gaggawar fita, hau tudun da ke kallon tsohon gari ka jira magariba, wannan hasumiya ta ɗauki kiran salla waccan ta karɓa har sai ka kasa gane daga ina yake fitowa, a ƙasan ƙafarka kuma fitilun Darbul Ahmar suna kunnuwa ɗaya bayan ɗaya.