Dokar Wikipedia kan bot: alhakin aikinsa na wuyan mai shi

Matasanmu na Nima da Mamobi a Accra waɗanda suka fara rubutu a Wikipedia sukan wayi gari su tarar an taɓa maƙalarsu, kuma sunan mai gyaran ya ƙare da "bot". Wannan manhaja ce da wani ya tsara domin aikin da ke maimaituwa. ClueBot NG, wanda ya soma aiki a 2010, yana goge ɓarnar da masu wasa da shafuka suka yi a Wikipedia ta Turanci, shi kuma InternetArchiveBot yana maye gurbin adireshin intanet da ya daina buɗewa da kwafin da aka adana.

Dokar Wikipedia ta Turanci ta tanadi cewa bot ya kasance mai amfani, marar cutarwa, kuma ba zai fara aiki ba sai mai shi ya nemi izini daga kwamitin masu rubutu a Wikipedia da ke tantance irin wannan buƙata. Zai bayyana takamaiman aikin da bot ɗin zai yi, yawanci a ba shi wa'adin gwaji, a duba sakamakon, sannan a amince ko a ƙi. Izinin na aikin da aka ambata ne kaɗai. Sabon aiki sai da sabuwar buƙata. Wajibi ne kuma bot ya sami asusunsa daban da na mai shi.

Sashin da na fi ganin muhimmancinsa shi ne na alhaki. Duk kuskuren da bot ya tafka, mai shi ne zai amsa tambaya kuma ya gyara, domin kuskuren da mutum zai yi a shafi ɗaya, bot zai iya watsa shi cikin dubban shafuka kafin a ankara. Shi ya sa ƙirƙirar maƙaloli masu yawa ta wannan hanya ma sai da izini. Lsjbot na Sverker Johansson, ɗan ƙasar Suwidin, ya samar da miliyoyin maƙaloli a harshen Sebuwano na Filifin, kuma har yau ana muhawara kan ingancinsu.

Kowane harshe, har da Hausa, yana da ikon tsara ƙa'idojinsa. Idan bot ya ɓata maka rubutu, ka mayar da shi yadda yake, ka sanar da mai shi a shafinsa na tattaunawa. Idan ɓarnar ta ci gaba, masu kula da Wikipedia suna da hurumin dakatar da bot ɗin nan take.