Lissafin husufin rana da manhajar kwamfuta

Lissafin husufin rana shi ne gano lokacin da inuwar wata za ta sauka a doron ƙasa, da inda za ta bi, da tsawon lokacin da za ta ɗauka a kowane gari. A yau manhajojin kwamfuta ne ke yin aikin, amma dabarar ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Mutanen Babila sun lura cewa husufi na maimaita kansa bayan shekara 18 da kwana 11 da kusan awa 8. A 1715 Edmond Halley ya hango husufin da ya ratsa Ingila, kuskurensa bai wuce minti 4 ba.

Manhaja tana fara aiki ne da jadawalin matsayin rana da wata, irin wanda cibiyar JPL ta hukumar NASA ke fitarwa. Nisan wata kuwa ana auna shi da hasken lesa da ake harbawa kan madubin da 'yan sama jannatin Apollo suka ajiye can tun 1969. Daga nan sai a bi hanyar da Bajamushe Friedrich Bessel ya fitar a 1824: a ƙaddara wani shimfiɗaɗɗen fili ya ratsa tsakiyar duniya yana fuskantar inuwar, a lissafa tafiyarta a kansa. Mai amfani da manhaja irin Stellarium sai ya shigar da garinsa kawai, ta ba shi lokacin farawa, da na rufewa, da na yayewa. Da irin wannan lissafi Fred Espenak da Jean Meeus suka tsara husufin rana 11,898 na shekara 5,000, aka wallafa a 2006.

Inda gizo ke saƙar shi ne juyawar duniya. Tana rage sauri sannu a hankali saboda jan da wata ke yi wa ruwan teku, kuma ragin ba ya tafiya bai ɗaya. Bambancin agogon da ba ya canzawa da agogon juyawar duniya, wanda ake kira Delta T, ya kai kimanin sakan 69 a yanzu. Kuskuren sakan ɗaya kan gusar da layin inuwa kusan rabin kilomita a kan layin ikwaita, wanda ya raba duniya arewa da kudu. A lissafin zamanin da, abin ya fi haka muni: husufin da aka rubuta a Babila a shekarar 136 kafin haihuwar Annabi Isa, in ba a yi gyaran sama da awa 3 ba, kwamfuta sai ta kai shi yammacin tekun Bahar Rum.

Gefen wata ma ba sumul yake ba, akwai tsaunuka da kwazazzabai. Manhajar da ta haɗa da taswirar wata da kumbon NASA mai suna LRO ya samar kan bambanta da sauran da 'yan sakanni, abin da ya fi shafar wanda ke bakin layin inuwa.

Husufin 29 ga Maris 2006, wanda ya rufe rana ruf a Gusau da Katsina, an san lokacinsa shekaru kafin ya zo. Na 2 ga Agusta 2027 zai ratsa Jidda da Makka, kuma kusa da Luxor a Masar duhun zai haura minti 6.