Dokar da ta raba hakiman Japan da iyalansu

A Japan ta zamanin gidan Tokugawa, sarki yana zaune a Kyoto, amma mulki yana hannun shogun, babban sarkin yaƙi da ke Edo, garin da ake kira Tokiyo a yau. Ƙarƙashinsa akwai hakimai mayaƙa fiye da 200, ana ce musu daimyo, kowanne da ƙasarsa da dakarunsa da ake kira samurai. To, ta yaya za a hana masu takobi irin waɗannan yin tawaye?

A 1615 aka kafa musu doka mai suna Buke Shohatto. Ta hana hakimi gina sabuwar ganuwa, ko gyaran tsohuwa ma sai da izini. Aure tsakanin manyan gidaje shi ma sai gwamnati ta yarda, don an san ta hanyar surukuta ake ƙulla ƙawancen yaƙi. Ba da wasa ake ba: a 1619 Fukushima Masanori ya rasa ƙasar Hiroshima saboda ya gyara ganuwarsa ba tare da izini ba.

Sashen da ya fi taɓa gida shi ne wanda shogun na uku, Iemitsu, ya tabbatar a 1635, wato sankin kotai. Hakimi zai yi shekara guda a Edo, ya koma ƙasarsa ya yi shekara guda, haka nan har mutuwa ko murabus. Uwargida da magajinsa kuwa ba sa motsawa daga Edo. An ba su manyan gidaje da barori, amma garkuwa ce aka yi da su, ko da an lulluɓe ta da alharini. Sau da yawa yaro yakan girma bai taɓa taka ƙasar da zai gada ba. A shingayen bincike da ke kan hanyoyin Edo, masu gadi abu biyu suke sa wa ido: bindigogi masu shiga Edo, da mata masu fita. Akwai matan da aikinsu shi ne binciken matafiya mata, har gashin kai ake warwarewa, kada matar wani hakimi ta ɓad da kama ta sulale.

Ni a ganina, dabarar ta fi ƙarfi a wajen aljihu. Hakimi ba ya tafiya shi kaɗai, darajarsa ce ke yanke yawan rakiya. Gidan Maeda na ƙasar Kaga, mafi arziki a cikinsu, kan tashi da mutum 2,000 ko fiye, kowa a ci da shi, a ba shi masauki. Ga kuma ɗawainiyar gida biyu. Kuɗin da zai sayi makamai sai su ƙare a hanya, wasu hakiman har bashi suka riƙa ci wajen attajiran Osaka.

Sai a 1862, da ƙarfin gidan Tokugawa ya fara raguwa, aka sassauta dokar: zuwa Edo ya koma sau ɗaya a shekara 3, aka kuma bar mata da yara su tafi gida. Shekara 6 bayan haka mulkin shogun ya rushe.